Sunan Da Tela Ta Amsa

"Auta! Auta, zo ki kama mini bakin zanen gadon nan!"

Tela ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ta kasa kunne. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin aikinta da na Baba Mai Guga, bangon kuma ba mai riƙe sirri ba ne, ko tari tsohon ya yi sai ta ji. Ya sake kira, muryarsa tana rawa. Ta ture yadin da ke kan cinyarta ta fita, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ta same shi tsaye a tsakiyar ɗaki, riƙe da gefen wani farin zanen gado, ɗaya gefen yana sharar ƙasa. Dutsen guga kuwa yana zaune daram a kan wandon wani bawan Allah, hayaƙi har ya fara tashi. Ta fizge shi ta ɗora a kan ƙarfensa, amma ta makara, hoton dutsen ya riga ya fito raɗau a gwiwar wandon.

"Ina kika shiga tun ɗazu?" in ji Baba. "Ina ta kira, ina ta kira."

"Ga ni, Baba. Kawo in kama."

Suka ninke zanen tare, shi yana ja, ita tana sassautawa, har ya koma ɗan ƙarami. Da hannunta ya taɓa nasa sai ta gane. Jikinsa zafi zau, zazzaɓin ya dawo.

Ba ita ce Auta ba. Auta ƙaramar 'yarsa ce, ita kaɗai kuma ta rage masa a duniya, tana can wani gari mai nisa da mijinta da yaranta, tana aiki a masaƙa. Ita Tela maƙwabciya ce kawai, wadda ta kama haya kusa da shi shekaru da yawa, tana ɗinka wa mutane kaya shi yana goge musu.

Abin ya fara ne da damina, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da shi. Ranar da ya tashi, ta kai masa ruwan zafi, ya dube ta ya ce, "Sannu, Auta." Ta yi dariya ta ce, "Baba, Tela ce fa." Sai fuskarsa ta sauya. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗaga labule, ya fita bakin titi da ƙafa ɗaya cikin takalmi yana tare mutane yana tambayar ko sun ga wata yarinya. Da ƙyar aka dawo da shi, yana kuka kamar ba shi ne mutumin da unguwa ke tsoron bakinsa ba. Washegari da ya sake cewa "Auta," ta ce, "Na'am," sai ya natsu, ya ci abinci, ya yi barci. Tun daga nan take amsawa.

Ta gaya wa kanta tausayi ne, kuma tausayin ne. Amma akwai ragowar magana da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinta ya rasu tun tana goye, ba ta san muryarsa ba, ba ta taɓa jin wani tsoho ya yi mata faɗa don ta fita ba mayafi a cikin sanyi ba. Yanzu ga ta da furfura a gefen kunne, an tsinto mata uba a bayan bango. Daɗi take ji, kuma tana jin kunyar daɗin.

Maigidanta, direban babbar mota ne, ba ya raina abin tsokana. Duk dawowar da zai yi sai ya ce, "Ina Autar Baba? To, kin gaji suna, saura dutsen guga da buhun gawayi." In ya gama dariyarsa kuma sai ya rage murya: "Ke dai ki yi a hankali. Sunan nan yana da mai shi."

Kafin ciwon, Baba Mai Guga bai taɓa rubuta sunan kowa a jikin kaya ba. Ya ɗauki riga ya duba wuyanta, ya shafa aljihu, ya ce ta wane ce, har ya ƙara da cewa mai ita ya fara ajiye tumbi. Yanzu kuwa mahauci ya karɓi wandon malamin makaranta, ya kai gida ya kasa wuce da shi gwiwa, unguwa ta yi mako tana dariya. Tela ba ta yi dariyar ba. Ita ta lura da abin da sauran ba su lura ba: ba a hankali tunaninsa ke tafiya ba, tsalle yake yi. Duk zazzaɓin da ya zo sai ya ɗauki wani abu ya tafi da shi. Na farko ya ɗauki sunayen masu kaya. Na biye da shi ya ɗauki hanyar kasuwa. Wani zazzaɓin ya zo ya ɗauke rasuwar matarsa, har yana ajiye mata rabin burodi.

Auta takan kira a wayar Tela duk ƙarshen mako. Ita kuma Tela takan ce, "Da sauƙi, wallahi da sauƙi," don ba a zuba wa na nesa tashin hankali ta waya, kowa haka yake yi. Takan ce mata ta kira da safe, lokacin da jikinsa ya yi sanyi, ta kara masa wayar a kunne. Gaisuwa kuwa ba ta bukatar ka san da wa kake magana. "Lafiya lau. Ya gida? Ya yara? Ya aiki? To, madalla, Allah ya yi albarka." Auta ta ajiye waya da farin cikinta, shi kuma ya juyo ya tambayi Tela, "Wace ce wannan mai kirki haka?"

Ranar da wandon ya ƙone ba ta koma kan keke ba. Ta sa masa hula, ta tare motar haya, ta kai shi asibiti.

Likitar mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da gaggawa. Ta sa aka kwance tsumman da ke ƙaurinsa, inda garwashi ya taɓa faɗo masa tun bara, wurin ya ƙi warkewa. Gyambon ya kumbura, gefensa ya yi ja, yana ruwa. Ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka ɗebi jini, ta tambaye shi wace shekara ake ciki. Ya ce ai wannan tambayar yara ce, ya yi dariya, bai amsa ba.

"Likita, ni abin da ban gane ba," in ji Tela, "ciwo a ƙafa, mantuwa a kai. Me ya haɗa su?"

"Jini ya haɗa su," likitar ta ce. "Idan ciwo ya shiga jiki, jiki yakan saki wasu sinadarai, irin furotin ne, su tafi yaƙi da shi. Su ne ke kawo kumburi da zafin jiki. Aikinsu mai kyau ne. Amma ciwon da ya daɗe bai warke ba, musamman a jikin tsoho, sai su yi ta zuba ba tsayawa. Saƙonsu ya kai ƙwaƙwalwa, ita ma ta ɗauki zafi, har wurin da ake ajiye tunani ya fara lalacewa. Ina zaton dama akwai rauni a can, zazzaɓin yana ƙara tura shi ne."

Tela ta tuna gwiwar wandon. "Kamar dutsen guga ke nan, in an manta shi a kan kaya."

"Kusan haka. Za mu yi maganin ƙafar da ƙirjin, zafin zai iya sauka. Abin da ya riga ya ƙone dai ba na miki alkawarin zai dawo." Ta ɗago daga takardarta. "Ke 'yarsa ce?"

"Autata ce," in ji Baba da sauri, har yana gyara zama. "Ita kaɗai ke kula da ni."

Tela ta sunkuyar da kai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"To, madalla da kina kusa," likitar ta ce. "Zuciyarsa ma ta gaji. In akwai wani nasa da kuke so ya gani ya gane, kada ku jira zazzaɓi na gaba."

Maganar nan ta bi Tela har gida kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ta kwantar da shi, ta ba shi magani, ta koma ɗakinta ta zauna da waya a hannu, ta danna lambar Auta ta kashe, ta danna ta kashe. Daga ƙarshe ta bar ta ta shiga.

"Ki taho," ta ce. "Jikin Baba ba daɗi. Ya daɗe ba daɗi."

Ana jin ƙarar injuna a bayan muryar Auta. "Anti, ba ke kike ce mini da sauƙi ba?"

"Ni ce."

"Ko shekaranjiya mun gaisa, har ya tambayi yara."

"Ki dai taho, ƙanwata. Kada ki tsaya haɗa tsaraba."

Ta faɗi gyambon, ta faɗi ƙirjin, ta faɗi mantuwar. Maganar sunan ce kaɗai ta kasa faɗa.

Kafin Auta ta sami izini a wurin aiki ta kamo hanya, zazzaɓin ya sauka ya sake hawa. Tela ta dinga leƙa titi kamar mai jiran bashi, tana dawowa tana taɓa goshinsa. Da rana tsaka motar ta sauke ta, doguwar mace mai irin hancinsa sak, jaka a kafaɗa, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ko ruwa ba ta sha ba ta shige ɗakin, ta durƙusa a gaban gado.

"Baba."

Ya buɗe ido, ya dube ta da fara'ar da yake yi wa masu kawo aiki. "Maraba, maraba. Wanki kika kawo? Ki yi haƙuri, yau ban hura gawayi ba."

"Baba, ni ce. Auta ce."

"Allah sarki," ya ce. "Sunanku ɗaya da 'yata." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna bakin ƙofa. "Ga ta can. Auta, kawo wa baƙuwa kujera mana, kin tsaya kina kallonta."

Auta ta juya a hankali ta dubi Tela. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Tela ta gode mata.

A soro suka yi maganar, cikin raɗa, don kada ya ji.

"Tun yaushe?" in ji Auta.

"Tun damina."

"Kuma kike amsawa?"

"In ban amsa ba, titi yake fita nemanki. Mota ta kusa kaɗe shi."

"Sai ki kira ni! Da kin kira ni tun lokacin, da ya ga fuskata tun yana iya riƙe ta. Na gode da wahalar da kika yi, Anti, Allah ya sani na gode. Amma kin zauna mini a wuri. Yanzu ni ina zan zauna?"

Tela ta ce, "Zan tashi," ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa.

Ta yanke wa kanta hukunci: ba za ta sake leƙa shi ba. In bai gan ta ba, wataƙila idonsa ya gaji ya sauka a kan mai sunan. Ta zauna a kan keke ta jawo wata rigar makaranta. Ba a jima ba kiran ya ratso bango.

"Auta!"

"Na'am, Baba, ga ni," muryar Auta ta amsa.

"A'a, ba ke ba, baiwar Allah. 'Yata nake kira. Auta!"

Tela ta taka keke da ƙarfi don ƙararsa ta rufe mata kunne. Ta ɗinke hannun rigar a wuya, ta farke, ta sake ɗinkewa a karkace. Kiran bai tsaya ba. Ya yi na faɗa, ya yi na lallashi, ya koma wani siririn kira irin na mai tsoro. Tana jin ƙarar cokali a kwano, tana jin yana cewa shi ba ya cin abincin masu kawo wanki, ba a haɗa sana'a da roƙo. Tana jin kofi ya faɗi.

Haka aka wuni, aka kwana, aka sake wuni. Tela ba ta iya cin abinci ba. In ta shiga, ta ƙara ƙwace wa yarinyar nan ubanta. In ta zauna, tsoho yana can ba ci ba magani, zafin yana ci gaba da cin abin da ya rage. Ta rasa wanne ne zunubin da ya fi sauƙi. Sau da yawa takan tsinci kanta tsaye, tafin hannunta manne da bango, kamar za ta ji zafin jikinsa ta cikin siminti.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Auta ce, riƙe da ƙwayoyin magani a tafin hannu, sun fara narkewa da gumi.

"Anti, zo," ta ce, ba ta dube ta ba. "Ya ƙi karɓa a hannuna. Gara ya sha a hannunki da ya mutu ina kallo."

Da suka shiga, idanunsa a rufe suke, ya gaji har ba ya iya ɗaga su. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Tela ta miƙa hannu za ta karɓi kofin, sai ta fasa. Ta tura Auta gaba, ta nuna mata bakin gado, ita kuma ta tsaya a bayanta dab da kafaɗarta.

"Baba, ga ni," ta ce. "Buɗe baki ka sha."

"Ina kika shiga?" ya ce da ƙyar. "Kin bar ni da baƙuwa."

"Na dawo. Sha."

Auta ta tallabo kansa, ta kai kofin bakinsa, ya sha. Ya lalubo hannun da ke riƙe da shi ya damƙe. Hawaye na zuba a fuskar Auta, amma ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba.

Haka suka ci gaba, murya ta ɗaya, hannu na ɗaya. Tela ta yi magana, Auta ta goge masa fuska, ta wanke gyambon, ta juya shi. Kullum Tela cikin fargaba take kada ya buɗe ido ya ga dabarar, ya firgita, su rasa duka. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zo ta yi masa allura, ta auna shi, ta ja su gefe ta ce su daina wahalar da shi da hanya, su dai zauna kusa.

Ranar ƙarshe zafin ya sauka da kansa, jikinsa ya yi sanyi, har suka fara murna. Bayan azahar ya soma magana, ido a rufe, muryarsa ta washe kamar ta da.

"Auta."

"Na'am, Baba," in ji Tela daga bayan kafaɗa.

"Kin tuna ranar da kika ɓace mini? Na zagaye unguwa har bakin kwata, uwarki tana ihu. A ina ma na same ki?"

Tela ta buɗe baki, ba ta sami komai a ciki ba. Ba ta san ranar ba, ba ta nan, ba ta ma zo unguwar ba a lokacin. Goshinsa ya fara tattarewa, yatsunsa suka fara lalube a kan zane, tsoron nan yana dawowa. Ta dafa kafaɗar Auta ta matsa.

"A cikin kwandon wanki," Auta ta ce. "Na shiga ƙarƙashin labulen gidan mai otal, barci ya ɗauke ni. Ka ce tunda na zama kayan wanki, sai ka goge ni ka ninke ka kai musu."

Ƙirjinsa ya motsa, dariya ce ta fito a hankali. "Kika ce in sa miki sitaci."

"Na ce ka sa da yawa, in yi ƙyalli."

"Ja'ira." Ya yi murmushi. "Muryarki ta sauya."

"Girma na yi, Baba."

"Haka ne," ya ce. "Kin daɗe a hanya. Zauna ki huta."

Ya jawo hannunta ya ɗora a ƙirjinsa. Tela ta janye nata hannun daga kafaɗar, ta ja da baya a hankali har ta kai ƙofa. Murna ta cika ta, wani abu kuma yana tsinkewa a cikinta, don ta san ba za a sake kiran ta da sunan nan ba. Ta fita ta zauna a dakalin ƙofar gida, tana jin su ta taga, Auta tana ba shi labarin yaranta ɗaya bayan ɗaya, shi yana cewa "to," yana cewa "madalla." Daga baya ta ji Auta kaɗai ke magana. Daga baya ita ma ta yi shiru.

Bayan an kai shi makwancinsa an dawo, mutane sun watse, Tela ta shiga ɗakin da kofin ruwa. Ta sami Auta zaune a ƙarshen gadon, ta wajen ƙafa, hannayenta a cinya.

"Anti," ta ce, "don Allah kada ki ce mini da sauƙi. Ki gaya mini gaskiya. Ya san ni ce?"

Tela ta ajiye kofin.

"Abin da ke cikin kansa Allah kaɗai ya sani. Ni dai ban san kwandon nan ba. Ke ya tambaya, ke kika amsa."

Auta ta gyaɗa kai, ta share fuska da bakin mayafi. Sai ta nuna mata ɗaya ƙarshen gadon, ta wajen kai. Tela ta zauna. A tsakaninsu katifar ta lotsa daidai tsawon mutum, ba wadda ta matsa ciki. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a wurin.